Na Mayar Da Mijina Dodo A Takarda

Anti Beryl, ki taimake ni kafin Asabar, na jawo wa kaina abin da ban san mafitarsa ba.

Shekarata sittin da huɗu. Tun da na bar aikin gidan waya nake zuwa ajin rubutu a ɗakin karatu na garinmu, Queenstown. Bana malamarmu ta sa mu rubuta labarin ban tsoro. Ta ce kada wanda ya kawo mata fatalwa ko jini, wai abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne wanda ka sani sarai ya fara rikiɗa a gabanka sannu a hankali. Ni kuwa ina da irinsa a gida.

Mijina Clive ya shekara talatin a ramin haƙar tagulla. Mai gemu ne, mai mita, bai taɓa sanin inda cokali yake kwana ba. Bara aka yi masa aikin zuciya a birnin Hobart. Ya dawo ya aske gemun. Yanzu shi ke gasa mini burodi da safe, yana tambayata ko na tashi lafiya. Ran nan har hawaye ya yi don karenmu ya gurɗe ƙafa. Sai na rubuta labarin wata mata da asibiti ya maido mata wani abu sanye da fatar mijinta, murya irin tasa, sai kirki da ya wuce misali. Har yadda yake hura shayi na saka.

To labarin ya zo na ɗaya a gasar da aka yi, ran Asabar zan karanta shi a zauren gari. Clive ya goge kwat ɗinsa, ya gayyato abokan aikinsa na da. Bai karanta labarin ba. Kuma gaskiya, Anti, wani lokacin in ya yi mini murmushi da wannan haɓar tasa, gabana yakan faɗi. In janye ne?

Matar Mai Sabuwar Haɓa

'Yar'uwa,

Kowane mako mata na rubuto mini suna roƙon mazansu su canza ko da ƙiris. Ke naki ya canza, kin shigar da shi gasa a matsayin dodo.

Malamarku ta yi gaskiya. Dodon da ya faɗo daga waje, ƙofa ake rufe masa. Wanda ya rikiɗa a kan kujerar da ya saba zama, ba ƙofar da za a rufe. Shi ya sa labarinki ya ci. Amma ina jin ba Clive ne ke ba ki tsoro ba. Fuskar nan tana tuna miki ranar da saura kaɗan ki dawo daga Hobart ke kaɗai, kuma kina kewar tsohon mai mitarki, kina jin kunyar faɗa.

Shi ma ki duba nasa. Mutumin da aka buɗe wa ƙirji ya tashi yana son gyara abin da ya rage masa. Ba adalci ba ne ya fara jin an mayar da shi dodo a gaban abokansa.

Kada ki janye. Ki zaunar da shi gobe, ki karanta masa tun daga farko, ki gaya masa inda labarin ya samo asali. In ya ji zafi, ki cire abin da zai sa a gane shi. In ya yi dariya, ki ba shi kujerar gaba. Ina zargin ma ya fi ki tsoron wannan sabon mutumin, bai dai sami wanda zai faɗa wa ba.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare.

Anti Beryl