Layin da Maiwada Yake Bugawa Kowace Safiya

Tasawa, Litinin

Zuwa ga Sa'a,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da su Inna, da aikin asibiti.

Kin ce manhajar lissafin magunguna da na sa miki a ordinatar, wato kwamfutar, tana rubuta "commande introuvable", ma'ana ba a samu umarnin ba. Ba ɓata ta yi ba. Tana cikin ~/.local/bin, amma tarminal, tagar da ake buga umarni, ba ya leƙa can, domin wurin ba ya cikin jerin da ake kira PATH. Sai dai a ƙarshen saƙonki kin ce "an gyara". Wa ya gyara?

Naki,
Kabiru

Mayahi, Laraba

Kabiru,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Maiwada ne, na biron nan, ofishin da ke kusa da namu. Kowace safiya in na kunna sai ta ƙi, sai ya shigo ya jawo kujera ya buga wannan, ta tashi:

export PATH="$PATH:$HOME/.local/bin"

Mutumin kirki ne, har shayi yake kawo mini. Kai kuwa tun da ka samu aiki ko ƙafarka ba mu gani ba.

Sa'a

Tasawa, Alhamis

Zuwa ga Sa'a,

Bayan gaisuwa. Layin daidai ne. Na bi shi harafi-harafi ina neman kuskure, ban samu ba.

Amma duk wanda ya san layin nan ya san cewa in a tarminal aka buga shi, da an rufe ya tafi. Wurinsa ƙarshen fayil ɗin ~/.bashrc ne. Sau ɗaya ake rubuta shi, ba a sake neman kowa. Ban ce da gangan yake yi ba, ba ni da shaida. Na dai ce mutum ba ya sanin rabin farko ya rasa na biyu.

Ki buga nano ~/.bashrc, ki sa layin a ƙasa, ki adana, ki sake buɗe tarminal. Kada ki goge komai a ciki.

Kujerar nan, gefen tebur yake ajiye ta ko gefenki? Shayi kuma yana hana ki barci, da bakinki kika faɗa mini.

Allah ya bar zumunci,
Kabiru

Mayahi, Jumma'a

Malam Kabiru,

Na karanta, na gane, ba wuya. Ban sa ba.

Motar Mayahi kullum tana tashi daga tasharku. In kana so a sa shi sau ɗaya, ka zo ka sa da hannunka. Baba ya ce in tambaye ka ko maganarmu tana nan. Ran Lahadi yana gida.

Ka huta lafiya,
Sa'a