Kujerar Bayan Motar Baba

Daura,
7 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ke da maigidanki Malam Ɗantsoho da yara kuna lafiya a nan Mashi. Ya ƙafar nan taki? Mu dai sai godiya.

Albishirinki, motar Baba ta tashi. Fijo 404 ɗin nan da kaji suka shekara goma sha shida suna ƙwai a cikinta, jiya Kabo bakanike ya tuƙo ta har ƙofar gida, unguwa ta fito kallo. Ni kam ba fentin ne ya sa ni hawaye ba, kujerun ne. Kin san Baba ya ƙare watanninsa na ƙarshe yana ɗinka musu jar fatar akuya, ido ya yi rauni, da lalube yake soka basilla. Shekara hamsin yana dukanci, wannan ne aikin hannunsa na ƙarshe, kuma babu wanda zai sake mana irinsa.

Maganar aron motar don kai amarya a bikin 'yarki Khairunnisa, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Na san matan biki. Mutum tara ne za su cusa kansu a wurin mutum uku, lalle bai bushe ba, wata kuma riƙe da kaskon turare. Kada ki yi fushi. In na dawo, ni da kaina zan zo in ɗauke ki, ki hakimce a baya kamar matar gwamna. Akwai ma abin da Baba ya bar miki a kujerar nan, amma ba za ki ji shi a takarda ba.

Jibi zan tafi kwas Zariya na wata shida. Na bar makulli a hannun Zulkifilu, abokina tun muna makarantar allo. Na gindaya masa sharuɗɗa har ya ce ko jariri ba a yi masa wannan reno. Kada mota ta bar ƙarƙashin rumfa. A jingina tabarma a gilashin gaba saboda rana. Kada a sa wa kujerun leda, don fata gumi take yi a cikinta ta yi funfuna, farin ƙyallen da na lulluɓe su da shi ya isa. Duk Juma'a a ɗaga ƙyallen gaba a shafa man kaɗanya kaɗan. Kujerar baya kuwa na shafe ta sosai na ɗaure ƙyallenta, na ce kada kowa ya kwance.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Misbahu.

Daura,
19 ga Satumba, 2004.

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma amarya ta saba da ɗakinta. Na dawo kwana uku ke nan, jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma ban da wanda zan faɗa wa sai ke.

Na tarar da motar a rumfarta, an wanke ta tana ƙyalli, har na fara sa wa Zulkifilu albarka. Ina buɗe ƙofa ƙamshin turaren wuta ya buge ni, mai yawan da ya wuce hankali, a ƙarƙashinsa kuma warin fetur. Na yaye ƙyallen baya. Yaya, kujerar nan ta mutu. Fatar ta yi baƙi, ta ƙandare, ta tsattsage kamar ƙasan fadama da rani. Soson ciki ya sha fetur ya ƙoshi. Ga shatin gindin jarkoki nan jere a kanta, har guda huɗu na ƙirga. Kabo ya duba ya ce ba sai an faɗa ba, fetur aka yi ta tsallakawa da shi Nijar. Wai tsohuwar mota mai kwalliya irin wannan ba a cika tsayar da ita a hanya ba.

Na je na sami Zulkifilu a majalisarmu bayan la'asar. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, laifinsa ne. Ni kuwa na buɗe baki na zazzage masa tas a gaban mutane. Na kira shi maci amana, na ce kada ƙafarsa ta sake taka gidanmu. Mutumin da ya riƙe makarar Baba tare da ni! Shi ne ya zauna yana miƙa wa Baba zare lokacin da ake ɗinkin nan, ya fi kowa sanin abin da fatar take a wurina.

Ba na son ko kwabonsa. So nake ya tsaya gaban alƙali ya faɗi da bakinsa yadda aka yi. Gobe zan kai ƙara kotun shari'a. Ki sa ni a addu'a, don ko abinci ba ya shiga.

Ƙaninki,
Misbahu.

Daura,
11 ga Oktoba, 2004.

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Gaisuwa haƙƙinki ce, shi ya sa na yi ta.

Na sami amsarki. Na karanta inda kika ce amana ta yi ƙaranci a wannan zamani, in bar Zulkifilu da Allah, kada in kai shi kotu don tonon silili ba shi da kyau. A ranar har na ce Allah Ya bar mini Yaya mai tausayi. Ashe ba shi kike tausaya wa ba.

Ban janye ƙarar ba, kuma ranar Alhamis aka zauna. Zulkifilu ya sake cewa laifinsa ne. Alƙali bai gamsu ba, don kowa ya san ko babur mutumin nan bai iya tuƙawa ba. Ya tambaye shi wa ya ja motar, ya ƙi faɗa. Sai alƙali ya sa aka kawo Alƙur'ani, ya ce ya yi alwala ya rantse cewa babu hannun kowa sai nasa. Yaya, Zulkifilu ya kasa taɓa shi. Ya iya ɗaukar zagina, ya iya ɗaukar kunya a gaban majalisa, amma bai iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Nan ya fashe da kuka ya faɗi komai.

Ke kika zo Daura da ƙafarki sati biyu bayan tafiyata. Kika ce masa ke ce babba, motar ubanki ce kamar yadda take ta ubana, kwana ɗaya kawai za a yi da ita a biki. Ya kasa musa miki saboda yana ganin girmanki. Aka gama biki motar ba ta dawo ba. Wata huɗu tana hannun Malam Ɗantsoho yana jigilar jarkoki. Da jarka ta fashe, ke kika turara motar da hannunki, kika mayar da ƙyallen kika ɗaure, kika roƙi Zulkifilu ya rufa miki asiri don kada zumunci ya lalace.

Da kin ce mini kin yi kuskure, wallahi da na yi fushin sati ɗaya na huce. Na yarda ni ma na yi rowa da na hana ki, motar tamu ce mu biyu. Amma kin karanta wasiƙata, kin ji yadda na wulaƙanta abokin shekara talatin a kan abin da kika san ke kika jawo, kika ɗauki biro kika taya ni zaginsa. Wannan ne ya fi ci mini rai. Na janye ƙarar. Na je gidansa sau biyu neman gafara, ya ce ya yafe, amma har yau bai dawo majalisa ba.

Saura abin da na ce Baba ya bar miki. A gefen dama na kujerar baya, inda kike kwanciya muna yara in za a je ƙauye, ya ɗinka sunanki da ajami da koriyar fata. Kwana tara ya yi a kansa, yana warwarewa yana sakewa don ba ya gani sosai. Ya ce kada in faɗa miki sai ranar da kika zauna a wurin. Da kin duba kafin ki mayar da ƙyallen, da kin gani.

Na yanko wurin da almakashinsa, ga shi nan cikin ambulan ɗin. Fetur ya cinye haruffa biyu, amma za ki gane hannunsa. In kin ji takardar nan tana wari, daga nan ne.

Ki gaida yara.

Ƙaninki har yanzu,
Misbahu.