Keken Yaya Ya Fito Daga Sito

Daren Laraba, Shamaki

Yau na tarar da keken guragun marigayi Yaya a gaban Modu mai faci, yana tsoma tif ɗin a ruwa yana neman huji.

"Modu, wa ya kawo wannan?"

"Hajiyarka ce, Malam. Ta ce in yi faci mai ƙwari, za a daɗe ana turawa."

Na yi dariya, na ce ƙila tsere za ta shiga.

Amma shekaranjiya da muka je asibiti, likita ya sallame ni, ya tsayar da ita su yi magana. Tun daga nan ba ta yi mini faɗa kan ciwon sukarina ba.

Na ajiye littafi na mintsini ƙafar hagu. Ban ji komai ba.