Firjin Innarka Na Jiranka

Ɗana Sanusi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kaduna, ya iyali, ya karatu? Mu nan Mafara sai godiya.

Firjin zoɓon innarka ya daina sanyi. Mai gyara ya taho daga Bakura, wai sai ya saki tsohon gas ɗin firjin a iska. Ni har gobe ban yarda da zancenka cewa gas ɗin na huda sama ba. Kuma ban huce ba da ka rufe shagon gyaran firjinka don neman takardar shaidar aikin da ka riga ka iya. Amma kai ka ce kar a saki, shi ya sa na kore shi.

Yanzu innarka ta daina yi mini magana, ga azumi ya matso. Karɓo takardar taka ka taho ka sasanta mu.

Ka gaida matarka. A sa mu cikin addu'a.

Babanka