Famfon Sadakar Alhaji

Nguru,
6 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Gashua, ya ɗaliban naka? Mu nan mun gode Allah. Inna tana gaishe ka, samarinka biyu ma ƙalau suke, sai ƙiriniya. Saboda autarka Mardiyya na ɗauki biro.

Ciwon cikin nan da ka bar ta da shi bai tafi ba. Sai ta kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba, ta ƙi abinci, ta yi fari fat. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakinta. Yarinyar da ba ta barin kowa ya yi magana a gidan nan, yanzu sai ta wuni zugum a gindin darbejiya, in an taɓa ta kuma ta fashe da kuka. An yi maganin shawara, an yi na tsutsar ciki, Inna ta karɓo rubutu har sau biyu, duk shiru.

Jiya na kai ta asibiti. Likitan ya ɗaga leɓenta ya daɗe yana kallon dasashi, sannan ya hau ni da tambaya kamar ɗan sanda. Wai ina sa mata kwalli? Akwai mai gyaran batir kusa da mu? Tana cin ɓawon fenti? Duk na ce a'a. Da ya zo kan ruwan sha kuwa, har da ɗaga kai na ba shi amsa. Na ce famfo sau biyu yake kawo ruwa a mako, kuma ni nake fara tara bokiti. Wannan na farkon, mai haske, na Mardiyya ne ita kaɗai. In tafasa shi sosai, in dama mata koko da shi, in cika mata tulunta. Mu manya da yayyenta ruwan rijiya muke sha na 'yan garuwa. Ya tambayi shekarun gidan, na ce tun na Turawan cinikin gyaɗa ne, a hannunsu marigayi Alhaji mahaifinku ya saya da famfonsa da komai. Sai ya ajiye biro. Ya ɗebi jininta za a aika Kano, ya ce kada ta ƙara shan ruwan, kuma a sami mai gyaran famfo ya duba bututun.

Malam, raina ya ɓaci. Ni da nake hana kaina ruwan nan don ita, ni za a ce wa a daina? Amma na bi maganarsa. Sai na ji daga gare ka.

Taka,
Saratu

Nguru,
15 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata wasiƙata ta farko ta same ka lafiya, don direban da na aiko ya rantse a hannunka ya ba ka. Mardiyya tana nan jiya i yau.

Na kira Zarami mai gyaran famfo, tsohon nan na bakin kasuwa. Ya tona gefen zaure ya fito da bututun, wani toka-toka mai laushi. Ya karce shi da wuƙa, wurin ya yi ƙyalli kamar sabon kwabo. Ya ce dalma ce zalla, irin wadda masunta ke ɗaurawa a koma, kuma tun daga bakin titi har tsakar gida haka take. Na koma wa likita da maganar. Ya ce ruwan da ya kwana uku kwance a cikin bututun shi ya fi ɗibar guba, kuma shi ne yake fara fitowa. Tafasawa ba ta kashe dalma, ruwan ne ke ƙonewa ita tana nan. Ya ce jikin ƙaramin yaro ya fi na babba shan ta, kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Ka ji abin da na yi shekara uku ina yi wa 'yata da hannuna, ina ganin gata nake mata. Ban iya kuka a gabansa ba, sai da na fito.

To, ga babbar maganar. Na sami Yaya Sabitu na durƙusa, na faɗa masa komai. Ka san wannan bututun shi ke ba famfon ƙofar gida ruwa, wanda Alhaji ya kafa sadaka ga 'yan unguwa. Na roƙi a rufe shi a sa bututun roba, Zarami ya ce aikin kwana biyu ne. Yayanka ya dube ni sheƙeƙe. Wai famfon nan sadakar Alhaji ce mai gudana, duk moɗa ɗaya da aka sha lada ne ke isa kabarinsa, ba zai tone abin da mahaifinsa ya kafa da hannunsa ba don a riƙa cewa a gari ruwan Alhaji guba ne. Wai shekara arba'in ana sha ba wanda ya faɗi ya mutu. Ya manta a da kullum ruwa yana gudu, yanzu kuwa kwanciya yake yi. Ya sa Zarami ya mayar da ƙasa, ya gargaɗe shi ya kama bakinsa. Inna kuma ta shiga ɗaki tana hawaye, kamar ni na zagi mijinta.

Ina girmama Alhaji, Allah ya jiƙansa, ni ma ya riƙe ni kamar 'yarsa. Amma wane irin lada ne za a aika wa mamaci ta cikin jarirai? Ran Laraba da ruwa ya zo, ina leƙe ta zaure na ga mata sun yi layi, kuma masu goyo ake bari su fara tarawa, don tausayi. Na ji kamar in fita in kifar da bokitan.

Kai ƙaninsa ne, gidan nan da gadonka a ciki. Ka zo ka yi magana, ko ka rubuto masa. Ni an ce mace ce mai baƙin baki.

Matarka,
Saratu

Nguru,
2 ga Mayu, 1999

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta sau uku ina neman inda ka ambaci bututu, ban gani ba. Haƙuri na gani har wuri biyar, da cewa Yaya babba ne, a bari sai ka zo hutu a zauna a fahimci juna. Hutunka sai watan Agusta, Malam. Ka ƙirga Laraba da Asabar nawa ne kafin nan.

Ban yi haƙurin ba, gara ka ji daga bakina. Sakamakon jini ya dawo, dalma ce, kuma mai yawa. Ranar na yafa mayafi na shiga gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, Mardiyya tana saɓe a kafaɗata. Ban zagi kowa ba. Na nuna musu ita, na faɗi abin da likita ya ce. Wasu sun yi mini kallon mai taɓin hankali. Amma Yakaka ta gidan kusurwa ta kama hannuna ta kai ni ɗaki, ta nuna mini jikanta ɗan shekara biyu, kwance, fari fat, yana riƙe da ciki. Washegari ita ta kai shi asibiti, ita kuma ta ƙarasa yaɗa zancen da Barbarci inda Hausata ba ta kai ba.

Asabar da ruwa ya zo mata uku kawai suka fito. Yaya Sabitu ya tsaya a bakin famfon, ya tara kofi ya shanye a gaban mutane, ya ƙara wani. Ƙato mai shekara hamsin yana gasa da jarirai. Da yamma ya aiko Inna ta gaya mini in koma gidajen nan in ce ƙarya na yi, ko in san inda zan zauna. Na zaɓi na biyu. Famfon yana nan a buɗe, wannan kuma tsakaninku ne da Allah, kai da shi.

Likita ya ba mu magani, ya ce cikin zai lafa, jinin ma zai dawo. Na tambaye shi maganarta fa, da wayonta. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce abin da ya riga ya taɓa kai ba lallai ya dawo duka ba, sai dai a yi ta addu'a ana lura.

Ran Talata za mu shigo motar farko ni da yaran uku. Ka nema mana ko ɗaki ɗaya ne kusa da makarantarku, ka kuma tambayi irin bututun gidan kafin ka amsa. Ka zo tasha da kanka. Abu ɗaya nake roƙonka. In ka kira ta ba ta waiwayo ba, kada ka sake kira a gaban mutane, kada kuma ka tambaye ni me ya same ta. Ka sunkuya ka ɗauke ta kawai, ba ta da nauyi yanzu.

Wassalam.
Matarka,
Saratu