Barewar da Ke Cikin Firigo

Yaya Ɗan Malam,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya mutanen Zango? A gaishe da Inna da Zulai. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koya.

Ina lafiya a Amurka wajen ɗana Abdulbaƙi, sai ruwan kaka da ba ya ɗaukewa. Ranar Asabar yaron nan ya bi abokan aikinsa farautar barewarsu mai ƙaho da reshe. Ya harbi ɗaya daga nesa, taɓo ya riƙe shi, kafin ya isa da wuƙa ta mutu. Na ce, "Ka yi bisimilla da za ka harba?" Ya ce, "Mama, ina jin na yi."

Nama ya cika firigo, kullum sai ya gasa ya kawo mini da murna. Kwana shida ina cewa haƙorina ke ciwo, shayi da burodi kawai nake sha. Na gaji, Yaya. Yanzu ya karɓo mini randebu, wato lokacin ganin likitan haƙori, ranar Laraba.

Don Allah tambayar mini liman, halal ce ko mushe? Ka amsa kafin Laraba, kada a cire mini lafiyayyen haƙori.

Ƙanwarka,
Fa'iza