Kwana Arba'in a Kan Kwalbar Jini

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba Malam.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ce Hajara, autarka, wadda kake cewa bakinta ya riga ƙafarta isa ko'ina. Na san jikokinka ne za su karanta wasiƙar nan, amma da kai nake magana.

Shekaranjiya jikata ta tambayi wayarta wata mas'ala ta addini. Kafin ta ajiye kofin shayi amsa ta fito, tsaf, babu ko "Allah ne Mafi sani". Sai na tuna da kwana arba'in ɗinka.

Ka tuna shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama? Saura wata biyu bikina da Isa, akawun nan da yake zuwa ɗaukar karatu a zaurenka na Unguwar Sarki bayan an tashi daga ofis. Na raka ƙanwarka Goggo Asabe tashar Kawo, na zo tsallaka titi, na duba ɓangaren da na saba dubawa tun ina yarinya. Sai mota ta fito ta ɗaya ɓangaren ta buge ni.

Abin da ya faru a asibiti ban gani ba, Isa ne ya ba ni labari. Likita ya ce na zubar da jini da yawa, in ba a ƙara mini ba kafin la'asar sai dai wani ikon Allah. Kai ka fara naɗe hannun riga. Aka gwada naka bai dace ba, na yayyena biyu ma haka. Na Isa ne ya dace.

A nan Goggo ta tsaya a ƙofa. Ba mugunta ba ce, tsoron Allah ne. Ta ce in kurɓin nono yana mayar da bare ɗan'uwa har aure ya haramta, ina ga kwalbar jini guda? In Isa ya bayar, ai ya zama yayana ke nan.

Kowa ya juyo yana kallonka, kai da ake tasowa daga Mando da Kawo a kawo maka mas'alolin aure. A gaban likita da dangi da surukinka na gobe ka ce, "Ban sani ba." Sannan ka ce da Isa, "Ceton rai wajibi ne, wannan na sani. Ko aurenku zai halatta bayan haka, ban sani ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba." Isa ya miƙa hannu.

Da na farfaɗo na ji labari, na ji haushinka, Baba, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya za ka faɗa kowa ya huta, wa zai ja da kai? Ina kwance da ƙafa a ɗaure, ban san ko mutumin da ya ceci raina mijina ne ko yayana ba. Shi kuma ya daina shigowa gaishe ni, sai dai ya tsaya a zaure ya aiko da lemo.

Kai kuwa ka baje littattafanka, ka rubuta wa abokan karatunka na Zariya da Sakkwato. Sannan ka yi abin da unguwa ta daɗe tana maganarsa: ka koma asibitin da rawaninka, ka zauna a benci a ƙofar ɗakin gwajin jini, kana jiran Malam Yohanna mai gwajin ya gama aiki ya koya maka. Mutane suka ce babban malami ya tafi ɗaukar karatu wajen Kirista. Amsarka ita ce, "Shi ya san jini, ni na san hukunci, kuma ba a yin hukunci a kan abin da ba a san kamanninsa ba."

Ranar da ya bari ka leƙa madubinsu mai mayar da ƙaramin abu babba, ka dawo gida kana ta tasbihi. Ka zauna bakin gadona kana ba ni labarin ƙwayoyin da ka gani cikin ɗigo ɗaya, kamar gero a faifai. Ka ce Yohanna ya faɗa maka jiki yana yin nasa jinin kullum, wanda aka ƙara kuwa ba ya wuce wata huɗu ya ƙare. Ban taɓa ganinka cikin murna irin ta ranar ba, har na manta ina fushi da kai.

Rana ta arba'in ka tara dangi bayan la'asar. Ka ce nono ne aka ambata, ga jaririn da bai wuce shekarun shayarwa ba, lokacin da ƙashi da nama suke ginuwa da shi. Jini ba nono ba ne, ni kuma shekarata goma sha tara, kuma ba wanda yake da ikon haramta abin da Allah bai haramta ba. Sai ka juya ka yi wa Goggo godiya, ka ce tambayarta ta sa ka san abin da ba ka sani ba. Tana kuka ta tashi ta ɗora sanwar biki tun ba a sa sabuwar rana ba.

Sai da na girma na gane abin da ka ba mu. Da ka halatta a ƙofar asibiti don tausayina, da mun zauna da shakka a ɗaki har tsufa. Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kwana da ita ba.

Baba, Isa ya biyo ka bara. Duk tsawon zamanmu, in mun yi saɓani sai ya ce in yi masa a hankali, ai jininsa ne yake yawo a jikina. Ni kuma in ce jininsa ya ƙare tun wata huɗu, Baba Malam ya bincika. Kullum ni nake cin gardamar. Yanzu da babu shi, karo na farko ke nan a rayuwata da nake so a ce bincikenka bai yi daidai ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya gafarta maka, kai da Isa da Goggo Asabe, Ya ba jikokinka haƙurin cewa "ban sani ba", Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Hajara